Sharhi: Gasar manyan kamfanonin fasaha da rabon ɗan kasuwar Potiskum

A ranar kasuwa, tun kafin rana ta ɗaga, ciniki da dama da za a ƙulla a karar shanu ta Potiskum ya riga ya fara a cikin waya. Dillali zai ɗauki bidiyon bijimi ya tura wa mai saye a Legas ko Fatakwal ta WhatsApp, a yi tayi da saƙon murya, a sallama, kuɗi su shigo ta tiransifa, sannan a kira direban tirela a sanar da shi lokacin lodi.

A wannan ciniki guda, hannun manyan kamfanoni aƙalla biyar ya shiga. Wayar galibi ta kamfanin Transsion ce na ƙasar Sin, mai ƙera Tecno da Infinix da itel. Tsarin Android da ke tafiyar da ita na Google ne. Manhajar WhatsApp ta Meta ce. Layin na MTN ne, wanda uwar kamfaninsa ke Afirka ta Kudu, ko na Airtel mai tushe a Indiya. Kuɗin kuma sau da yawa ta OPay ko PalmPay ko Moniepoint suke bi.

Idan aka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa duk inda kamfanoni suka yi gasa ta gaskiya, mutumin Potiskum ya samu sauƙi. Inda kamfani ɗaya ya mamaye fage kuwa, abincinsa ya rataya ne a kan shawarar da ake yankewa a nesa da shi.

Inda gasa ta yi amfani

Tarihin layukan waya shi ne shaida ta farko. Lokacin da aka fara wayar salula a Najeriya a watan Agustan 2001, layi kaɗai sai mai hali, kuma ana cajin kira ne da minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi. Shigowar Glo a 2003 da tsarin biya bisa daƙiƙa ta tilasta wa sauran kamfanoni bin sahu, farashin layi ya yi ta sauka har ya zama abin da ɗan acaɓa da makiyayi za su iya mallaka. A watan Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ƙara buɗe fage da tsarin da ya ba mutum damar komawa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.

Haka ta faru a ɓangaren wayoyi. Nokia ce ta riƙe kasuwa shekaru da dama, Samsung ta biyo baya, sai Transsion ta shigo da dabara ta daban. Ta lura cewa ɗan Najeriya na yawo da layi biyu ko uku saboda raunin sabis, sai ta yawaita waya mai cin layi biyu. Ta lura da matsalar wutar lantarki, ta ƙara ƙarfin batir. Ta kuma gyara kyamara yadda za ta fito da fuskar baƙar fata sosai. A yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka na wannan kamfani ne, Samsung na biye da shi, yayin da Xiaomi mai wayoyin Redmi ke ƙoƙarin ƙwace masa masu ƙaramin ƙarfi. Apple kuwa ya fi shigowa garuruwa irin Potiskum ta hanyar wayoyin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje.

Wannan ja-in-ja ce ta sa ko bayan faɗuwar darajar naira, daga kimanin 460 kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, babbar waya ba ta gagari kowa da kowa ba, duk da tsadar da ta yi. Masu shaguna da masu gyara da masu sayar da kayan waya a Kasuwar Jagwal ta Potiskum na cin abinci ne daga wannan gasa.

Ɓangaren kuɗi ma ya nuna irin wannan sakamako. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya jefa kasuwannin dabbobi da na hatsi cikin tsaka mai wuya, domin makiyayi da manomi sun saba da kuɗi a hannu. Manhajojin bankuna da dama sun riƙa sarewa saboda cunkoso, sai OPay da PalmPay da Moniepoint suka cike giɓin da saurin tura kuɗi da na'urorin POS. Abin lura shi ne manyan kamfanonin fasaha na nan a bayan fage. Transsion na cikin masu jari a PalmPay, kuma manhajar kan zo a cikin sababbin wayoyinsa. Asusun zuba jari na Google a Afirka ya shiga cikin waɗanda suka sa dala miliyan 110 a Moniepoint a watan Oktoban 2024. Ma'ana, wanda ya sayar wa mutum waya yana son ya zama shi ne kuma ma'ajin kuɗinsa.

Kokawar neman idon matasa

Fage na gaba shi ne na bidiyo, inda abin da ake rububi a kai shi ne lokacin mai kallo. TikTok na kamfanin ByteDance ya sauya yadda matasan Arewa ke kallon waya, abin da ya sa Meta ta fito da Reels a Instagram da Facebook, Google kuma ya fito da Shorts a YouTube. Masana'antar Kannywood, wadda kasuwar faya-fayanta ta durƙushe, ta samu mafaka a YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So. A 2024 Meta ta buɗe wa masu wallafa bidiyo a Najeriya hanyar samun kuɗin talla a Facebook, domin kada su ƙaura gaba ɗaya zuwa wajen abokan hamayyarta.

Ga matashin Potiskum, wannan dama ce mai sharaɗi. Kuɗin talla ya danganta ne da inda masu kallo suke da kuma ƙarfin aljihunsu, saboda haka bidiyon Hausa da aka kalla a Arewa ba ya kawo abin da irinsa zai kawo idan a Amurka ko Ingila aka kalle shi. Ga kuma kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025. Sau da yawa mai tallar atamfa ko turare ko takalma, wanda ke amfani da bidiyo don jawo masu saye zuwa shagonsa, ya fi mai jiran kamfani ya biya shi cin riba.

Batun harshe ma na nuna iyakar gasar. Hausa ta shiga Google Translate a 2013, ta shiga Facebook a 2016, domin masu magana da ita miliyoyi ne, kuma kasuwa ce babba. Amma Potiskum gari ne na Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Fulani da sauransu, kuma manyan manhajojin da ke kan waya ba su san yawancin waɗannan harsuna ba. Illar hakan ba ta tsaya a kan fassara ba. Kamfanin da ba shi da isassun masu fahimtar harshe ba zai iya saurin gane jita-jita ko kalaman tunzura jama'a da aka yi da shi ba.

Inda kamfani ɗaya ke riƙe da ƙofa

A fagen aika saƙo labarin ya sha bamban. Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kimanin dala biliyan 19. Akwai Telegram da Signal, amma ɗan kasuwa ba zai koma can shi kaɗai ba, alhali abokan cinikinsa da zauren ƙungiyar dillalai da na direbobi da na dangi duk suna WhatsApp. Ba kyawun manhaja kaɗai ke riƙe mutum ba, jama'ar da ke cikinta ce. A ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kimanin sa'o'i shida a faɗin duniya, an ga yadda dogaro da ƙofa ɗaya yake.

Wannan ne tushen shari'ar da ta haɗa Najeriya da Meta. A watan Yulin 2024 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 bayan binciken watanni 38. Ta zarge shi da sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba tare da cikakken izininsu ba, da yi musu abin da ba ya yi wa masu amfani da shi a wasu ƙasashe, da kuma amfani da ƙarfinsa a kasuwa wajen tilasta musu amincewa da sharuɗɗansa. Meta ta musanta, ta ɗaukaka ƙara, amma kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. Hukumar Kare Bayanan Jama'a, NDPC, ita ma ta ci kamfanin tarar dala miliyan 32.8 a farkon 2025. A takardun da ta gabatar wa kotu, Meta ta yi gargaɗin cewa tana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya, FCCPC kuma ta mayar da martanin cewa ficewa ba za ta wanke kamfani daga hukunci ba.

Ba a rufe komai ba, amma barazanar ta fito da gaskiyar lamari fili. Idan giwaye biyu suna faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. An ɗanɗana hakan lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, duk da cewa masu amfani da shi a Arewa ba su kai na WhatsApp ko kusa ba.

Sauran ƙasashe ma ba su daidaita a kan mafita ɗaya ba. Tarayyar Turai ta kafa dokar kasuwannin intanet, wadda a ƙarƙashinta ta ci Apple tarar yuro miliyan 500, ta ci Meta yuro miliyan 200 a watan Afrilun 2025, kuma ta wajabta wa WhatsApp buɗe hanyar musayar saƙo da wasu manhajoji. A Amurka kuwa, wata kotun tarayya ta yanke a watan Nuwamban 2025 cewa Meta ba ta mamaye kasuwar sada zumunta ba, ganin yadda TikTok da YouTube ke gogayya da ita.

Darasin da Yobe ta riga ta koya

Mutanen Potiskum ba sa buƙatar a ba su labarin rayuwa babu sadarwa. A watan Satumban 2012 'yan Boko Haram sun kai hare-hare kan turakun sadarwa a jihohin Arewa da dama, har da Yobe. A watan Mayun 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya baki ɗaya saboda dalilan tsaro, kuma sai a watan Yuli aka dawo da su a Yobe. A tsakanin nan, mai son jin farashin kaya a Kudu ko tabbatar da shigar kuɗi sai ya tsallaka jihar Bauchi neman sabis. A ranar 11 ga Janairun 2015 harin ƙunar baƙin wake ya auka wa ita kanta Kasuwar Jagwal, aka yi asarar rayuka. Kasuwar ta farfaɗo, amma dogaro da waya a yau ya ninka na wancan lokaci, domin a 2013 kira ne kawai aka rasa, yanzu kuwa har da kuɗi da talla da littafin bashi.

Manyan kamfanoni na zuba jari a hanyoyin sadarwa, sai dai yawancinsa a bakin teku yake tsayawa. Wayar ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta iso Legas a 2022, ta 2Africa da Meta ke jagoranta ta iso Legas da Akwa Ibom a 2024. Daga can zuwa Yobe tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kuma ana yawan tsinka wayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa wajen aikin hanya ko ta hannun ɓarayi. Fasahar 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022, Airtel a 2023, ta fi ƙarfi a manyan birane. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana kaiwa ko'ina, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin talaka. Katsewar wutar lantarki ta kwanaki da ta shafi yawancin Arewa a watan Oktoban 2024 ta tuna wa kowa cewa waya mafi tsada ma sai ta biya ta wurin mai caji.

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomi ya wuce cin tara. Shirin Gwamnatin Tarayya na shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000 zai yi ma'ana ne idan ya isa cibiyoyin kasuwanci irin Potiskum, kuma idan jihohi suka sauƙaƙa kuɗin izinin haƙa hanya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 na buƙatar a bayyana ta da Hausa da sauran harsunan gida, domin mai danna amincewa da sharaɗin da ba ya iya karantawa bai ba da izini na haƙiƙa ba. Sannan akwai tambayar da FCCPC da NCC za su fuskanta nan gaba: shin abin da aka yi wa layukan waya a 2013, na ba mutum damar ƙaura da lambarsa, zai yiwu a yi irinsa ga manhajojin saƙo?

Kafin a kai ga amsa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da abin yi a hannunsu. Ajiye lambobin abokan ciniki da lissafin bashi a littafi baya ga na waya, riƙe layi da asusu fiye da ɗaya, da kuma kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp don kare kai daga masu sace asusu, duk matakai ne da ba sa cin kuɗi. Dillalin da ya ga abin da ya faru a 2013 ya san cewa sabis na iya ɗaukewa a ranar kasuwa, alhali shanu na tsaye a kara suna jiran lodi.