Ra'ayi: Muna yabon sojojin kundumbala a waya, mun manta da sunayen mazan jiya

Duk wanda ya leƙa wayoyin samarin Gaya a 'yan shekarun nan zai tarar da abu guda yana yawo daga wannan fada zuwa waccan: bidiyon sojojin kundumbala, fuska a rufe, bindiga a ƙirji, kiɗa na tashi. Ana ta rabawa a TikTok da Facebook, 'yan uwanmu da ke Kwatano da Legas da Faransa suna ƙarawa da tutar ƙasa da addu'a. Babu laifi a wannan sha'awa, domin ƙasar da ke cikin yaƙi tana buƙatar matasan da ke ganin girman masu kare ta. Abin da ke damuna shi ne yabon namu ya tsaya a kan kaki. Mutumin da ke cikin kakin, da waɗanda suka riga shi sa shi, ba mu damu da sanin su ba.

Ni dai jarumaina su ne mazan jiya, tsofaffin sojojin da suka yi irin wannan aiki tun babu jirgi maras matuƙi, babu tabaran gani cikin duhu, babu kuma mai ɗaukar su hoto.

Mazaunin garinmu ma ya isa ya tuna mana da su. Gaya tana bakin kogin Kwara, Malanville na tsallake, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba nisa. A zamanin mulkin mallaka, iyakar da ke tsakaninmu da Kamba ita ce ta raba rundunoni biyu: wanda aka ɗauka soja a wannan ɓangare ya bi tutar Faransa, wanda aka ɗauka a can ya bi ta Ingila, alhali sau da yawa harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya.

Waɗanda suka bi Ingila sun kai har Burma a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944, bataliyoyi uku na sojojin Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga rundunar Chindit da Janar Orde Wingate ya kafa, wadda aikinta shi ne kutsawa bayan layin sojojin Japan ta datse musu hanyoyi. An kai su da jiragen sama cikin kurmi, abincinsu da harsasansu daga sama ake jefo musu, kuma suna cikin waɗanda suka riƙe sansanin da ya toshe hanyar jirgin ƙasa ta arewacin Burma duk da hare-haren da aka yi ta kai masa. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya ta wancan lokaci, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Ke nan sama da shekaru 80 da suka wuce, masu magana da harshenmu sun yi aikin da yau ake kira na dakaru na musamman. Matasa nawa ne cikin masu raba bidiyo suka taɓa jin wannan labari?

Waɗanda suka bi Faransa kuwa an haɗa su duka ƙarƙashin sunan "'yan Senegal", ko da daga Dosso ko Damagaram suka fito. Sun yi yaƙi a Turai, daga baya aka kai wasu Indochina da Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 har rasuwarsa a 1987, ta wannan hanya ya bi tun yana ƙaramin soja.

Sakamakon da aka yi musu shi ne abin da ya kamata ya tsaya mana a rai. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga hannun Jamus suna neman kuɗinsu da aka riƙe. Hukumomin lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun kai ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A 1959 kuma Faransa ta ƙayyade fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, ya tsaya cik yayin da na takwarorinsu Turawa ke ƙaruwa. Ba a fara gyarawa sosai ba sai 2007, aka kammala a 2011, lokacin da akasarinsu sun daɗe a kabari.

Na san akwai masu cewa: ta yaya za a kira wanda ya yi wa ɗan mulkin mallaka yaƙi jarumi? Tambayar tana da nauyi, musamman a yau da muka sallami sojojin Faransa a Disamba 2023, na Amurka kuma suka fice a 2024. Gaskiya ne an yi amfani da wasunsu wajen murƙushe 'yan uwansu masu neman 'yanci a Madagaska da Aljeriya, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Amma da yawansu ba da son ransu suka tafi ba, sarakuna aka ɗora wa adadin samarin da za su kawo. Abin da nake girmamawa a gare su shi ne juriya, da riƙon amanar abokin fama, da kuma ƙarfin halin da ya sa mutanen Thiaroye suka tsaya suka nemi haƙƙinsu. Daga cikinsu ne aka samu ginshiƙan rundunar sojan Nijar da aka kafa a 1961. Girmama su bai hana a faɗi laifin wanda ya tura su ba, kamar yadda son sojojinmu bai hana mu tuna ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba. Kaki shi kaɗai ba ya mai da mutum jarumi.

Abin takaicin shi ne mantuwar da muke zargin Faransa da ita, mu ma muna yi wa namu. A Yuni 2012, sojojin Nijar bakwai da ke aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka rasu a wani kwanton ɓauna a yammacin Kodebuwa. A Oktoba 2014, wasu tara suka kwanta dama a arewacin Mali. Ranar 10 ga Disamba 2019 muka rasa 71 a Inates, wata guda bayan nan muka rasa 89 a Chinagodar. Alƙaluman muna riƙe da su. Sunayen fa?

Dubi abin da ya faru a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba 2017. Sojojin Amurka huɗu suka mutu a harin: Bryan Black, Jeremiah Johnson, La David Johnson da Dustin Wright. Duniya ta san sunayensu da fuskokinsu, ma'aikatar tsaron ƙasarsu ta yi dogon bincike, iyalansu sun yi ta matsa lamba sai an gaya musu gaskiya. A wannan fili, a wannan rana, sojojin Nijar ma sun faɗi tare da su. Mai karatu, ka zagaya fadarku ka tambaya ko akwai wanda zai ambaci sunan ɗaya daga cikinsu. A ƙasarsu suka mutu, amma baƙin da suka mutu tare da su sun fi su suna a bakinmu.

Wannan magana ta shafi Gaya kai tsaye. Yaƙin da muke ji daga Diffa da Tilaberi ya matso. Gandun dajin W da ke kusa da mu ya zama mafakar 'yan bindiga. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ta yankinmu ya ratsa, kuma a Yuni 2024 an kashe sojoji shida masu gadinsa a cikin jihar Dosso. Tun rufe gadar Malanville a 2023 sana'o'i da dama sun durƙushe, samari da yawa na ganin shiga soja ita ce mafita. Yaron da zai sa hannu gobe yana da haƙƙin sanin yadda ƙasa ta riƙe waɗanda suka riga shi, da yadda za ta riƙe mahaifiyarsa in bai dawo ba.

Saboda haka yabo na gaskiya yana da aiki a cikinsa. Na farko, tsofaffin sojojin da suka rage a unguwanninmu, waɗanda suka je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1991, da waɗanda suka yi Kodebuwa da Mali da Diffa, a je a zauna da su da izininsu a naɗi labarinsu. Wayar da ke raba bidiyon kundumbala ta isa wannan aiki, gidajen rediyon gari kuma za su iya ware masa lokaci. Na biyu, hukumomin gari da masu sarauta su tattara sunayen 'ya'yan gundumar Gaya da suka rasu a bakin aiki, a rubuta su a bango inda 'yan makaranta za su riƙa gani. Na uku, 'yan uwa da ke ƙetare, cikin abin da kuke turowa gida a ware wani abu don karatun maraya ɗaya na soja a unguwarku. Kun san gidajen.

Na huɗu shi ne mafi wuya: tambaya. Makonni kaɗan bayan Inates da Chinagodar, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito fili a 2020, ya ƙiyasta asarar kusan biliyan 76 na kuɗin sefa a cinikin makamai da kayan aiki. Wanda ya ci wannan kuɗi ya ci jinin yaran da aka binne. A Oktoba 2023 an kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, talakawa suna zuba abin da suka samu. Wanda ya ba da gudummawa yana da damar ya nemi a bayyana masa nawa ya kai ga sojan da ke daji, nawa ya kai ga matar da ya bari. Yin wannan tambaya kishin soja ne.

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Mazan jiya sun biya nasu da jini da ƙuruciya, wasu a Burma, wasu a Thiaroye, wasu a Inates. Abin da ya rage a kanmu shi ne mu san sunayensu, mu kula da waɗanda suka bari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kare na fagen daga.