Kama da Wane Ba Ta Wane: Jar Motar Ɗan Unguwar Lalle da Tafin da Muka Yi Mata

A makon jiya wani gajeren bidiyo ya zagaya zauren WhatsApp na 'yan asalin ƙasar Gobir da nake ciki, zauren da ya tara likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan banki. Wata jar mota ce a ciki, mai kwantaccen goshi, ƙofofinta na ɗagawa sama kamar fikafikan shirwa, tana tafe sannu a kan turɓaya, yara na biye da ita da sowa. Wanda ya ƙera ta ɗan yayata ne, ɗan shekara 19, haifaffen Unguwar Lalle, wanda ke koyon walda a Sabon Birni tun da iyayensa suka koma can da zama. Daga kwanon rufi da ƙyauren tsofaffin firji ya yanko bodin, ya kwaikwayi siffar Lamborghini da ya gani a waya. Injin na keke Napep ne. Kafin la'asar an naɗa shi injiniya, an ce Italiya ta shiga taitayinta, an fara neman wanda zai kai shi gaban gwamna.

Ni tambaya ɗaya na yi: tayoyi nawa ne ke da birki? Yaron ya amsa da kansa, ya ce: "Na baya biyu ne, Kawu, kuma da waya ake jansu, irin ta babur." Zauren kuwa ya amsa da cewa ni mahassadi ne, irin 'yan bokon nan da ba su ganin kirkin abin gida.

Na karɓi sunan, amma ban janye tambayar ba. Ina ganin tafin da muke yi wa irin waɗannan yara cuta ce da muke lulluɓewa da rigar ƙauna.

Kafin in zo kan masu tafi, bari in sallami wasu da suka biyo ni ta bayan fage suna cewa gaskiyata, ai kwaikwayo ne kawai, me aka ƙirƙira? Ba na tare da su ko kaɗan. Ƙera kwafin tsohuwar motar tsere sana'a ce mai daraja da ke ciyar da dubban mutane a duniya. A 1962 Carroll Shelby, wani tsohon direban tsere ɗan Amurka, ya ɗauki ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace ya cusa mata ƙaton injin Ford, aka sami Cobra. Ta asalin ba ta wuce kimanin 1,000 ba zuwa 1967, amma kwafinta da ke yawo a titunan duniya yau ya ninka wannan adadi sau da yawa. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 48.4. Wanda ke son ɗanɗanar tuƙin irin waɗannan motoci, ba shi da hanya sai kwafi. Wani abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, ɗaya daga cikin manyan masana'antun wannan kwafi a nahiyarmu take: Hi-Tech Automotive, a birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu, wanda a da ake kira Port Elizabeth. Can ake ƙera Cobra da Ford GT40, motar da ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa shekara huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, a loda su a jirgin ruwa babu inji, a sayar a Amurka da sunan Superformance. Saboda haka mai raina kwafi bai san kasuwar ba.

Rigimata da masu tafi a kan abin da ake kwafa take. Mota tana da fata, tana da ƙashi. Fatar ita ce bodi da fenti da fitilu, abin da kyamarar waya ke ɗauka. Ƙashin shi ne shasi da birki da sitiyari da shokazoba da yadda aka ɗaure ƙafafun, abin da ke yanke hukunci ko direba zai kwana gida ko asibiti. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa take yi huɗu. Idan aka taka birki, nauyin mota gaba yake rinjaya, shi ya sa tayoyin gaba ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Motar ɗan yayata, da birkinta na baya kawai, abin da ya cece ta shi ne injin keke ba ya iya ba ta gudun da siffarta ke alkawari. Ranar da wani mai kuɗi ya ji daɗi ya saya masa babban inji, ranar za mu ga kyan ɗan maciji.

A zauren nan namu mai cike da masu digiri, wa zai ɗora ɗansa a cikinta ya ce a kai shi Isa? Babu. To abin da ba mu yarda da shi ga 'ya'yanmu ba, don me muke kiransa gwaninta idan ɗan talaka ne a bayan sitiyari? Likitan da ya fi kowa zuba kirari ba zai bar ɗalibinsa ya yi ɗinki ba tare da ya san inda jijiya ta bi ba. Mun sassauta ma'auni ne saboda a can cikin zuciyarmu ba mu ɗauki yaron da gaske ba. Abin kallo muka mayar da shi. Kuma duk mun san yadda tatsuniyar ke ƙarewa: hoto da wani babba, ambulan, labari na minti biyu a rediyo, sannan motar ta ƙare a gindin dogon yaro, awaki na kwana a inuwarta, yaron kuma ya koma kabu-kabu.

Abin haushin shi ne wannan sassauci baƙo ne a wurinmu. Maƙeranmu sun daɗe suna kwafi, kuma ba a taɓa yi musu rangwame ba. Garmar shanu da Turawan mulkin mallaka suka shigo da ita, maƙeran Arewa suka kwance ta, suka gane kusurwar bakinta, suka riƙa ƙera tasu daga tsohon ƙarfe. Idan ba ta tayar da kunya daidai ba, manomi mayar da ita yake yi ranar kasuwa, ba ruwansa da fentinta. Amalanken da ke ɗauko dawa daga gona, a kan ƙafar tsohuwar mota ake ɗora shi, domin maƙerin ya san abin da zai iya yi da hannunsa, ya kuma san abin da ya fi kyau ya aro daga masana'anta. Haka ake aiki a Panteka ta Kaduna, haka ake ciniki a Ƙofar Ruwa ta Kano. Wannan ita ce ainihin dabarar masu ƙera kwafin mota a ko'ina: a nemo tsohuwar mota a ciro inji da giyabos da birki da sitiyarinta, abubuwan da injiniyoyi suka riga suka gwada, sannan a zuba basira a kan shasi.

Da ni za a tambaya wace mota yaro irin wannan zai kwafa don ya koyi sana'ar, Lotus Seven zan ce, ba tare da jinkiri ba. Colin Chapman, wanda ya fito da ita a 1957, shi ma da gwangwan ya fara: motarsa ta farko a 1948 daga wata tsohuwar Austin 7 ya haɗa ta, a garejin iyayen budurwarsa. Seven kusan ba ta da fata. Kujeru biyu ne, ba ƙofa, ba rufi, nauyinta wajen kilo 500, kuma komai nata a fili yake, ba inda kuskure zai ɓuya. Shasinta siraran bututun ƙarfe ne da aka haɗa kusurwa uku-uku. Duk wanda ya taɓa kafa rumfa ya san dalili: sanduna huɗu da aka ɗaure murabba'i rangaji suke yi, sai an gitta na biyar a tsakani su tsaya cik. A sassa-sassa ake sayar da ita a lokacin, mai saye ya harhaɗa a gida, saboda dokar Ingila ta yafe wa irin wannan harajin saye. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙirar a 1973, yana yin ta har gobe, kuma Birkin na Afirka ta Kudu ya fara kwafarta tun shekarun 1980. A 1996 wani malami, Ron Champion, ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai ƙera irinta da fam 250, da bututu mai faɗin inci ɗaya da kayan tsohuwar Ford Escort. Kuɗin da ya ambata an sha yi musu dariya, amma littafin ya haifar da motoci masu yawa da ake kira Locost, har da gasar tsere tasu ta kansu.

Sai dai can ba tafi ke ba mota lamba ba. Kafin motar da aka ƙera a gida ta hau titi a Ingila sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA: a ɗora ta a na'ura a auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, a duba maɗaurin bel, a auna ƙara da hayaƙi da hasken fitila, a bi jikinta da ma'auni ana neman duk wani kaifi da zai iya yanka mai tafiya a ƙasa. Kwanon rufin ɗan yayata a minti na farko zai faɗi. A duk bidiyoyin motocin gida da na kalla, na ga gwamnoni da kwamishinoni da 'yan jarida irina, ban taɓa ganin mutum ɗaya riƙe da ma'auni ba.

Seven makaranta ce, amma ba motar hanyarmu ba ce, don tazararta da ƙasa ba ta kai taƙi ɗaya ba, ramin farko tsakanin Sabon Birni da Isa zai fasa mata ciki. Kuma tana buƙatar kayan motar da ke tura kanta da ƙafafun baya, abin da ya fitar da Golf ɗin da ta cika tashoshinmu. Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ba ni mamaki. Muna da tsohuwar motar tsere tamu, mun manta da ita. Peugeot 504, Fijon da aka harhaɗa a Kaduna daga 1975 har zuwa 2006, wadda iyayenmu suka yi lodin mutum da buhu a cikinta, ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975 da Ove Andersson a sitiyari, ta kuma lashe na Maroko a shekarar da Hannu Mikkola. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari da samfurinta mai ƙofa biyu. Tsere ne na laka da ƙura da rami, irin hanyar da muka sani. Gawarwakinta na nan zube a garejin kowane gari, kanikawan da suka san ta ciki da bai ba su ƙare ba. Mayar da ɗaya zuwa siffar Safari na nufin a yi mata kejin ƙarfe a ciki don kare direba idan ta kife, a sa faranti a ƙarƙashin inji, a ƙarfafa shokazoba, a sabunta birki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darasi ne da zai yi wa mai walda amfani har tsufansa. Kuma ba mu rasa al'adar tseren ba, tunda an daɗe ana haɗa bikin kamun kifi na Argungu da tseren motoci.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini: wa ke ta motar tsere a ƙasar da ba a iya zuwa gona? Ba a Legas aka ba ni labarin Gobir ba. A Oktoban 2021 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Unguwar Lalle suka kashe mutum kimanin 20, bayan wata biyu aka ƙone matafiya a cikin motarsu a yankin. Irin wannan ne ya tayar da gidan yayata. Amma wannan hujja a gefena take. Yaron da aka raba da gonar ubansa, hannunsa kaɗai ya rage masa, kuma a yankin da matashi marar sana'a ke da masu zawarcinsa a daji, wasa da wannan hannu ganganci ne. Wanda ya iya haɗa shasin da bai karkace ba zai iya yin tirela da amalanke da injin casa da gadon asibiti. Wanda ya iya lanƙwasa kwano ya yi kama da hoto, ya iya abin da za a kalla sau ɗaya.

Masu neman a kai shi gaban gwamna su tuna yadda Sakkwato ta taɓa yi da wani yaro mai zanen motoci. Jelani Aliyu ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Sakkwato ta tura shi Detroit, ya gama a 1994, ya shiga General Motors, inda ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 shi ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Shekaru aka yi ana biya masa kuɗin makaranta, malamai na mayar masa da zane suna cewa bai yi ba. Abin da jihar ta saya masa ke nan, mutanen da za su ce masa bai yi ba.

Na koma zauren da shawara. Na ce kuɗin motar da za a ɗauka a kai shi Sakkwato, a saya masa ma'aunin kusurwa da tebur na ƙarfe mai shafaffen bisa da gilashin walda na kirki, don da baƙin tabarau yake aiki. Na ce injiniyoyin cikinmu, ɗaya ya ɗauki nauyin duba aikinsa duk wata, wani kuma ya binciko masa hanyar shiga kwalejin Umaru Ali Shinkafi. Cikin masu tafin, mutum uku suka amsa.

Yaron ya yi kwana biyu bai ɗaga wayata ba. A na uku ya turo hoto ba tare da gaisuwa ba: bututu takwas a kan daɓe, an ɗiga musu walda a kusurwa, ba fenti, ba fitila, tef ɗin awo a gicciye. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, wannan gicciyen ya fi ɗayan da rabin inci, in yanke ko in bari?" Na ce ya yanke. Na tura hoton zauren tun shekaranjiya, har yanzu ba wanda ya tura shi gaba.