Fagen Wasanni: Ƙeta Ce Ko Dabara?

A watan Disamba 1997, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas Mavericks, Don Nelson, ya sa Bubba Wells ya riƙa yi wa Dennis Rodman ƙeta da gangan, domin Rodman ba gwanin jifan kyauta ba ne. Cikin minti 3 aka kori Wells, Rodman kuwa ya ci 9 cikin 12.

Duk da haka dabarar ta yaɗu, har aka laƙaba mata sunan Shaquille O'Neal. Masu suka suka ce tana kashe armashin wasa. Masu goyon baya suka ce rago ya koyi jifa. A 2016 hukumar NBA ta tsananta hukuncinta a minti 2 na ƙarshen kowane zango.

Matasan Kano Pillars dai su dage da atisaye, domin dabara ta rage ga mai shiga rijiya.