Yaron da ba shi da takarda a Mora: wa zai tsaya masa?

Ranar 2 ga Maris 2017, Kamaru da Najeriya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a Yawunde kan cewa ba za a mayar da ɗan gudun hijira gida ba sai da yardarsa. Ba a cika wata huɗu ba, ranar 27 ga Yuni, aka loda mutum 887 a manyan motoci daga Kolofata aka kai su Banki. Hukumar ta ce yawancinsu yara ne. Gwamnatin Kamaru ta sha musanta cewa tana kora da ƙarfi, amma a Satumban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka mayar tun 2015 da aƙalla mutum 100,000.

Kolofata ba nesa ba ce, gunduma ɗaya muke, Mayo-Sava, kuma Mora ce babban birninta.

Dole a yi wa hukuma adalci. Mun ga shekarun da Boko Haram ke ɗaura wa ƙananan yara bam ta turo su kasuwa da masallaci. Jandarman da ya tare baƙon yaro yana da dalilin tsoro. Sai dai tsoron ya fi faɗa wa wanda ba shi da takarda, kuma a wannan iyaka rashin takarda ba ya nuna ɗan wace ƙasa ne mutum. Amchide da Banki kusan gari ɗaya ne da iyaka ta raba. Barebari, Mandarawa, Shuwa da Hausawa suna auratayya ta ɓangarorin biyu. Yaron da aka haifa a gida, aka yanka masa rago ran suna, amma ba a kai sunansa ofishin magajin gari ba, da me zai nuna shi ɗan Kamaru ne? Wanda kuma ya gudo daga Barno bai kai sansanin Minawao an yi masa rajista ba, ya raɓe a gidan kawunsa ko a tsangaya, shi ma a idon jami'i babu shi. Alhali dokar Kamaru ta 2005 kan 'yan gudun hijira ta hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari.

Ɗalibai sun san labarin Najjashi, yadda ya ƙi miƙa wa jakadun Ƙuraishawa sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, bayan ya saurare su da kunnensa. Sauraron nan shi ne abin da yaro marar takarda ba ya samu, in babu babban da ya san shi.

A ganina, aikin jama'ar masallaci yana farawa ne tun kafin mota ta iso. Liman ne ke raɗa suna, ba wuya ba ne ya ajiye littafi, ya rubuta sunan jariri da iyayensa da rana, sannan ya matsa wa uban ya je ya yanki takardar haihuwa kafin wa'adi ya wuce. In ya wuce, sai an bi ta kotu, da kuɗi da shaidu. Nan ne kwamitin masallaci zai tara sunaye unguwa-unguwa, ya je da lawani da bulama a nemi alƙalai su zo su zauna a garin, su yanke wa yara da yawa a lokaci guda. Malaman tsangaya, a Mora ko Marwa ko Garwa, su san garin kowane almajiri da wanda ya kawo shi. Yaran da suka gudo kuwa a raka su wurin rajista, a daina ɓoye su.

Wasu za su ce rubuta suna tona asirin yaron ne. Damuwar tana da tushe, shi ya sa littafin zai zauna a hannun liman, ba za a fito da shi ba sai ranar da aka kama yaro kuma dattawa suka tashi zuwa wurin jandarmomi.