DUNIYAR KIMIYYA: Gadar Da Ta Haɗa Ƙwayar Zarra Da Kofin Shayi

Duk wanda ya taɓa ajiye kofin shayi ya tafi amsa sallama ya san abin da zai tarar idan ya daɗe, watau shayin ya huce. Ba a taɓa jin wanda ya ajiye shayi mai sanyi, ya komo ya iske ya zuƙe ɗumin ɗakin ya tafasa da kansa ba. Kowa ya san haka, amma bayyana dalilinsa ya ba manyan masana na Turai wuya shekara da shekaru. Daga wannan wahala ne aka sami reshen kimiyyar fiziks da ake kira ilmin motsi na ƙididdiga.

Kafin a gane matsayinsa, tilas a san sauran rassan. Na farko shi ne ilmin motsi, wanda Isaac Newton na Ingila ya shimfiɗa dokokinsa a 1687. Na biyu ilmin lantarki da maganaɗisu, wanda James Clerk Maxwell ya haɗe a 1865, har ya nuna cewa haske ma daga cikinsa yake. Na uku ilmin zafi da aiki, wanda ya taso daga binciken injin tururi, ta hannun Sadi Carnot na Faransa a 1824 da Rudolf Clausius na Jamus a 1850. Ƙarni na 20 ya ƙaro biyu: ilmin dangantaka na Albert Einstein, da ilmin kwantam mai bayyana halin ƙwayar zarra.

To, a nan akwai giɓi. Dokokin Newton da na kwantam suna faɗin yadda abu guda, ko 'yan kaɗan, za su motsa. Shi kuwa ilmin zafi yana magana ne a kan tukunya da injin da iskar ɗaki, bai damu da abin da aka yi su da shi ba. In dai gaskiya ne tukunyar ruwa tarin ƙwayoyi ce masu bin dokar motsi, to, ya kamata a iya fito da dokokin zafi daga dokokin motsi. Sai dai yawan ƙwayoyin ya wuce misali. A cikin giram 18 na ruwa, ɗan fiye da cokali guda, adadinsu ya kai lamba 6 da sifiri 23 a bayanta. Ko da mutum zai ƙirga miliyan dubu a kowane sakan, sai ya shekara wajen miliyan 19 kafin ya gama.

Dabarar da aka yi ita ce a bar bin ƙwaya ɗaya ɗaya, a koma ga ƙididdiga. A 1860 Maxwell ya lissafa yadda gudun ƙwayoyin iska ke rarrabuwa: kaɗan masu nawa ne, kaɗan masu tsananin sauri, akasari kuwa suna tsaka-tsaki, wajen mita 500 a sakan a cikin ɗaki. Da haka aka gane cewa zafin abu ma'auni ne na matsakaicin ƙarfin motsin ƙwayoyinsa, matsin iska a cikin taya kuwa dukan da suke yi wa bangonta ne ba ƙaƙƙautawa. Ko sanyin ruwan randa ma haka bayaninsa yake. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ƙwayoyin da suka fi sauri su tsere cikin iska, a bar masu nawa a baya.

Sauran tambayar shayi. Ludwig Boltzmann, haifaffen birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya a 1844, shi ya ɗauki wannan kaya. A 1876 abokin aikinsa Josef Loschmidt ya ƙalubalance shi da cewa dokar Newton ba ta bambanta gaba da baya ba: duk motsin da ta yarda da shi, ta yarda da komowarsa. Me zai hana zafi komawa cikin kofi? A 1877 Boltzmann ya ba da amsa cewa babu dokar motsi da ta hana, rinjayen yawa ne ya hana. Alal misali, a zuba farin wake a ƙasan ƙwarya, jan wake a bisa, sa'an nan a yi ta girgizawa. Za su cakuɗa, kuma ko an kwana ana girgizawa ba za su rabu ba, domin hanyoyin cakuɗuwa sun ninka hanyoyin rabuwa ninkin ba ninkin. Haka zafi yake bazuwa. Ma'aunin da Clausius ya raɗa wa suna entirofi a 1865, wanda kullum ƙaruwa yake yi a keɓaɓɓen wuri, ashe ƙidayar waɗannan hanyoyi ce.

Ba a karɓi wannan bayani cikin sauƙi ba. Manyan malamai irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald ba su yarda a gina kimiyya a kan ƙwayar da ido bai taɓa gani ba, har aka yi zazzafar muhawara da Ostwald a taron masana na garin Lubek a 1895. Hujja ta zo a 1905, sa'ad da Einstein ya lissafa cewa rawar da ƙananan ɓurɓushi ke yi a cikin ruwa, wadda Robert Brown ya lura da ita tun 1827, tunkuɗar ƙwayoyin ruwa ce. Jean Perrin na Faransa ya tabbatar da lissafin da gwaji a 1908, Ostwald kuma ya sallama. Boltzmann bai ga wannan rana ba, domin ya kashe kansa a 1906 bayan fama da rashin lafiya.

Daga nan reshen ya shiga ko'ina. Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale a Amurka ya tsara shi a littafinsa na 1902 ta yadda zai dace da kowace irin dokar motsi. Max Planck da dabarar Boltzmann ya warware matsalar hasken abu mai zafi a 1900, wadda ta zama mafarin ilmin kwantam. A 1924 Satyendra Nath Bose, malami a Jami'ar Dakka, ya aika wa Einstein sabuwar hanyar ƙidayar ƙwayoyin haske. A 1926 Enrico Fermi da Paul Dirac suka fito da ta ƙwayoyin lantarki, wadda da ita ake bayyana aikin taransisto na cikin rediyo da kwamfuta, da kuma abin da ke riƙe wasu taurarin da makamashinsu ya ƙare.

Saboda haka ɗalibin da ya ga wannan darasi a jerin kwasa-kwasan jami'a kada ya ɗauke shi ɗan rakiyar ilmin zafi. Ba ya zuwa da dokar motsi tasa ta kansa. Aro yake yi daga Newton ko daga kwantam, ya mai da ita abin da ma'aunin zafi zai iya aunawa. Duk inda abubuwa suka yi yawa har suka gagari ƙirga, nan ne fagensa. A kan kabarin Boltzmann a Biyenna an zana lissafin entirofi, kuma tun 2019 da adadin da ke ɗauke da sunansa ake ƙayyade kelbin, ma'aunin zafi na duniya baki ɗaya.