Motar da ke cikin hoton marigayi ba Golf ba ce

Makonni uku ke nan wani hoto yana yawo a wayoyin mutanen Zangon nan. Marigayi Sarkin Zango, Allah Ya jiƙansa, yana tsaye da rawaninsa, katangar makarantar allo tana bayansa, a gefensa kuma ga wata jar mota gajeruwa, irin wadda ake ɗaga ƙofarta ta baya haɗe da gilashin. Wani ya rubuta a ƙasa cewa a 1978 aka ɗauki hoton, motar kuwa Golf ce. Ba sai an gaya wa kowa dalilin da ya sa wannan shekara ta yi wa jama'a daɗi ba. Ana taƙaddama a kan filin makarantar, kuma masu ja da mu suna cewa katangar ba ta daɗe ba. In tana tsaye tun 1978, ai magana ta ƙare.

Mu da aka ɗora wa riƙon takardun fada muka ce a dakata, kada a sa hoton cikin hujjojin da za a gabatar. Tun ranar ba mu huta ba. Wasu sun ce mun cika ƙaƙale, wasu sun ce an saye mu, har wani matashi da muka halarci sunansa ya rubuta cewa tsofaffi sun fara kishin abin da yara suka tono. To, ga abin da muka gani, kowa ya buɗe hoton ya gani da idonsa.

Golf ta farko ta fito daga Jamus a 1974. A shekarun da ake magana fitilunta na gaba biyu ne, zagayayyu, da babban tambarin VW a tsakiyar fuska. Motar da ke hoton nan fitilu huɗu gare ta, babu zagayen VW, sai ƙaramin tambari mai siffar garkuwa. Wannan tambarin Lancia ne, kamfanin birnin Turin na Italiya wanda Vincenzo Lancia ya kafa a 1906, Fiat kuma ta saye shi a 1969. Sunan motar Delta. Ba mu ga laifin wanda ya fara cewa Golf ce ba, domin hannu ɗaya ne ya zana su duka biyu, wani Ba'italiye mai suna Giorgetto Giugiaro, shi ya sa kusurwoyinsu da tsayuwar bayansu suka yi kama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Laifin yana kan wanda aka nuna wa bambancin ya ce shi dai a bar shi da Golf ɗinsa.

Lancia Delta ba ta bayyana a duniya ba sai a baje kolin motoci na Frankfurt a 1979, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1980. Ko a nan aka tsaya, 1978 ta rushe. Amma hoton bai tsaya nan ba, don ita Delta ta yi ta sauya fuska, kuma kowane sauyi yana da shekararsa. Ta farko fitilunta masu kusurwa huɗu ne. Fitilu huɗu zagayayyu sun zo a 1986, tare da samfurin da injinsa ke jan tayoyi huɗu gaba ɗaya. A ƙarshen 1987 aka fito da wadda ake kira HF Integrale, aka kumbura mata jiki a bisa kowace taya, kamar mai kumatu, don tayoyi masu faɗi su sami wurin zama. A 1989 aka sa mata inji mai bawul goma sha shida da ƙarfin doki 200, wanda bai shiga ƙarƙashin tsohon bonet ba, sai da aka yi wa tsakiyar bonet ɗin tozo. A duba hoton da kyau. Kumatun suna nan, tozon yana nan, inuwarsa ma ta fito saboda rana ta karkata lokacin da aka ɗauka. Wani tsohon bakanike da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan motocin Fiat muka kai wa, ba mu gaya masa komai ba, ya ɗora yatsa a kan tozon nan kafin ya dubi fuskar marigayi.

Saboda haka ba a ɗauki hoton kafin 1989 ba. Iyakar abin da motar za ta iya shaida ke nan, kuma mu ma ba za mu ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Ta toshe ƙofar baya ne kawai, ta bar ta gaba a buɗe, don mota kan yi shekaru a hannun mai ita na farko kafin ta hau jirgin ruwa. Dattawa biyu sun tuna wani ɗan unguwa da ya je neman abinci Italiya ya dawo da jar mota mai ƙara, wadda ta fi zama a gareji fiye da kan titi saboda rashin kayan gyara. Ba su haɗu a kan shekarar ba, shi ya sa ba mu rubuta ta ba.

A nan sai mu ɗan yi ratse, don motar ta cancanci a san ta. Ba ƙaramar aba ce ta tsaya a ƙofar makarantarmu ba. Da ita Lancia ta ci kofin duniya na tseren motoci a hanyoyin daji da duwatsu sau shida a jere, daga 1987 zuwa 1992. A nahiyarmu ma ta yi suna, domin Miki Biasion ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1988 da 1989, Juha Kankkunen kuma a 1991. Yaran da ke kiranta tsohuwar Golf, da sun san kuɗin da masu tara tsofaffin motoci a Turai ke zubawa a kan irinta yau, da sun fi mu neman inda gawarta take.

Akwai masu cewa sun nuna wa manhajar waya hoton ta ce Golf ce. Ita manhaja kamanni take bi, kuma mun riga mun faɗi inda kamannin ya samo asali. Wanda zai tsaya gaban masu shari'a ba zai ce waya ce ta gaya masa ba. Akwai kuma masu cewa mota ce kawai, me ya haɗa ta da fili. Waɗannan mun fi jin tausayinsu, don sun manta abin da aka karantar da mu a zaure. An taɓa kawo wa hukuma a Bagadaza wata takarda da aka ce an rubuta ta shekarar Khaibara. Da Khaɗibul Bagadadi ya karanta, bai tsaya kan tawada ko takarda ba, sunayen shaidu ya duba. A ciki akwai Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu kafin Khaibara, da Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka. Da wannan kaɗai takardar ta faɗi. Jar motar nan ita ce shaidar da ba a haifa ba tukuna a shekarar da aka ce ta sa hannu.

Waɗanda suka fi ba mu takaici su ne masu zuwa da dare suna cewa sun yarda da mu, amma mu yi shiru, ai don makaranta ne. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, kakanninmu fatauci ya kawo su, kuma duk lokacin da maganar ƙasa ta tashi, abin da ake fara jefa mu da shi shi ne baƙi ne masu ƙirƙirar tarihi. Shin mu da hannunmu za mu miƙa musu sanda? Lauyan da ke ɗaya ɓangaren ba ya bukatar wayo, yaro ɗaya mai son motoci ya ishe shi. Ranar da aka tsaya a bainar jama'a aka nuna cewa motar 1989 ce ke zaune a hoton da muka rantse na 1978 ne, ba hoton kaɗai zai mutu ba. Rasiɗan siminti na gaskiya da ke hannunmu, da wasiƙun marigayi, da shaidar tsofaffin almajiran da suka ɗauki bulo a ka, duk za a dube su da idon da aka dubi hoton.

Mun cire shi daga cikin hujjoji, mun mayar da shi kundin fada, a bayansa mun rubuta da fensir: Lancia Delta HF Integrale, ba kafin 1989 ba. Duk wanda ke da tsohon hoton da katangar ta fito a ciki, ko na suna ne ko na saukar karatu, ya kawo mana ainihin takardar, ba wanda aka ɗauka da waya ba, don sau da yawa masu wankin hoto kan buga hatimi ko kwanan wata a baya. Muna zaure kowace Alhamis bayan la'asar.