Shanti Ba Waƙar TikTok Ba Ce

’Yan uwana ɗalibai, kwanakin baya wani ɗan ajinmu ya dame mu da wata waƙar Turanci da ya ji a wayar yayansa, mai suna Wellerman. Ya ce irinta ake kira shanti, wai waƙar TikTok ce. Ni dai ban yarda ba.

Shanti waƙar aiki ce ta ma’aikatan jiragen ruwa na ’yan kasuwa, musamman na Ingila da Amurka, a ƙarni na 19. A lokacin iska ce ke tura jirgin, kuma komai da ƙarfin hannu ake yi. Idan za a ja igiya a ɗaga manyan ƙyallayen jirgi, ko a jawo ƙarfen da ke tsayar da shi daga ƙasan teku, mutum ɗaya ne zai ba da waƙa, sauran su amsa. Daidai kan amshin kowa zai ja da ƙarfi lokaci guda. In wani ya riga wani, ƙarfin ya tashi a banza. Masana da yawa sun ce sunan ya fito ne daga kalmar Faransanci mai nufin rera waƙa.

Abin dariya ma, Wellerman ɗin da wani ma’aikacin gidan waya ɗan Sikotilan, Nathan Evans, ya yayata a 2021, labari ce kawai ta masu farautar kifin teku mafi girma. Ba a jan igiya da ita.

Da jirage masu inji suka zo, shanti ta rasa aikin yi. Wani tsohon ma’aikacin jirgi, Stan Hugill, ya tattara su a littafi a 1961.

Nan ne abin ya taɓa ni. Kakata ta iya waƙoƙin niƙa, waɗanda suke yi a kan dutse tun da asuba. Tun da injin niƙa ya zo unguwarmu ba mai yi. Mamata ta san biyu. Ni ko ɗaya ban sani ba, amma ɗan ajinmu ya haddace ta Turawa.

Ina roƙon ƙungiyarmu ta ’yan jarida: a hutun nan kowa ya rubuto waƙar niƙa, daka ko gayya guda ɗaya daga bakin tsofaffin gidansu, mu liƙa a wannan bangon. Na riga na tambayi Kaka, ta ce sai na tsince mata wake tukuna.